Zauren Lissafi: Wace Irin Lamba Ce 800001?

A fitowar da ta gabata mun nemi masu karatu su aiko da wata babbar lamba mu feɗe ta tare. Wadda ke cikin wasiƙar farko muka zaɓa, sauran tambayoyin ma da ita muka amsa su duk inda ta shiga.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare. Wani ɗalibina ya kawo 800001, lambar gidan waya ta Kaduna, yana so ya san ko firam ce, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Na ga da 1 ta ƙare, 2 da 5 ba sa shiga cikinta. Ta yaya za mu tabbatar a allo ba tare da kwamfuta ba? Daga wani malami, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba firam ba ce, kuma ba sai an kai ga dogon rabawa za a gane ba. Ƙarewa da 1 abu biyu kawai yake nunawa: lambar mara ce ba cika ba, kuma 5 ba ta shiga. Bayan wannan, alƙalamin ƙarshe ba shi da sauran labari. A tara alƙalumanta: 8 da sifili huɗu da 1, tara ke nan. Duk lambar da jimlar alƙalumanta ta rabu da 9, ita ma tana rabuwa da 9. Dalili shi ne 10 da 100 da 1,000 da sauran irinsu kowacce saurar 1 take bari idan an raba ta da 9. Saboda haka 800,000 saurar 8 take bari, 1 ɗin ƙarshe ya cike ta zuwa 9. A faɗa wa yara wannan dalilin. Idan dabarar kawai suka haddace, za su ɗauke ta su kai kan 7 ko 13, inda ba ta aiki ko kaɗan.

800001 ÷ 9 = 88889. Jimlar alƙaluman 88889 kuwa 41 ce, don haka 3 ta gama aikinta. Daga nan da 88889 za a ci gaba, kada a koma kan lambar asali. Wannan shi ne wurin da ɗalibai suka fi ɓata lokaci.

Kafin a fara gwaji a san inda za a tsaya. 298 × 298 = 88,804, sannan 299 × 299 = 89,401, wadda ta wuce. Idan 88889 sakamakon ninka lambobi biyu ce, dole ɗayarsu ba ta wuce 298 ba, domin da duka biyun sun wuce, da sakamakon ya zarce lambar tamu. Kuma ba kowace lamba za a gwada ba, firam kaɗai: idan 3 ba ta shiga ba, babu amfanin gwada 6 ko 21. Firam 62 ne tsakanin 1 da 298. Hanya mafi sauƙi ta fitar da su ita ce rariyar Eratostenis: a rubuta 2 zuwa 300, a soke duk ninkin 2, sai na 3, 5, 7, 11, 13 da 17. Abin da ya tsira firam ne. Ba sai an kai 19 ba, tunda 19 × 19 ta wuce 300.

Akwai gajeriyar hanya ga 7 da 11 da 13 a lokaci guda, saboda 7 × 11 × 13 = 1001. A yanka lambar uku-uku daga dama, a ɗebe rukuni na biyu daga na farko: 889 − 88 = 801. Yanzu 801 za a gwada. Da 7 saura 3, da 11 saura 9, da 13 saura 8. Babu wadda ta shiga.

Sauran aiki ne na haƙuri: 17, 19, 23, 29, haka har gaba. A yi hattara a kan 41. 41 × 2168 = 88,888, saura 1 tak. Kalkuleta zai nuna 2168.024, kuma yaron da ya saita nasa ya riƙa cike lamba zai ga 2168 ya ce ya samu. Maganin wannan shi ne duk wanda ya ce ya samu, ya ninka ya dawo da lambar daidai. Ba za a dace ba sai a kan firam ta 27, wato 103: 103 × 863 = 88,889.

Ita 863 ba ta buƙatar sabon gwaji. Duk firam ɗin da ke ƙasa da 103 an riga an gwada su a kan 88889 sun faɗi, don haka ba za su shiga 863 ba, kuma 103 × 103 = 10,609 ta fi ta nesa ba kusa ba. Firam ce. Ga sakamako:

800001 = 3 × 3 × 103 × 863

Mutanen Kano za su ji daɗin jin cewa tasu lambar, 700001, firam ce, haka ma 900001 ta Abuja. Tabbatar da ta Kano da hannu sai an gwada firam 145, har zuwa 829. Ta Legas, 100001, dabarar 1001 ta kama ta nan take: 100 − 1 = 99, wadda 11 ke shiga, 11 × 9091. Firam ta farko bayan ta Kaduna ita ce 800011. Idan kana neman aikin gida, ba su 600001. Firam uku ne suka haɗa ta, biyun farko duk suna ƙasa da 25.

TAMBAYA: Idan an bincika lamba a intanet sai a ga an jero mata sunaye da yawa: mai rara, mai giɓi, kammalalliya, Harshad da sauransu. Daga ina ake samo waɗannan, kuma wanne ne mai amfani? Daga wata ɗaliba, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

AMSA: Malama, kusan duk masu nauyi a cikinsu daga layi guda ake karanto su, layin nan na 3² × 103 × 863.

Fara da yawan fakto, wato lambobin da ke raba ta babu saura. Dubi sau nawa kowace firam ta fito, ki ƙara 1, ki ninka. 3 ta fito sau biyu, 103 sau ɗaya, 863 sau ɗaya: 3 × 2 × 2 = 12. Ana ƙara 1 ɗin ne saboda fakto na iya ɗaukar 3 sau biyu, ko sau ɗaya, ko ya ƙi ɗauka gaba ɗaya. Ga su: 1, 3, 9, 103, 309, 863, 927, 2589, 7767, 88889, 266667, 800001. Bibbiyu suke zuwa, na farko da na ƙarshe, har a haɗu a tsakiya a 863 × 927. Idan kin ƙirga kin samu adadi mara alhali lambar ba murabba'i (wata lamba sau kanta) ba ce, kin tsallake ɗaya.

Jimlarsu ma ba sai an tara ɗaya bayan ɗaya ba: (1 + 3 + 9) × (1 + 103) × (1 + 863) = 13 × 104 × 864 = 1,168,128. Ki cire lambar kanta, saura 368,127. Wannan jimlar ake aunawa da lambar. In ta gaza, lambar mai giɓi ce. In ta wuce, mai rara ce. In sun yi daidai, kammalalliya ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3, ko 28, 496, 8128, sai kuma a yi dogon tsalle zuwa 33,550,336. Rabe-raben nan tsoho ne, tun Nikomakus na Girka wajen shekara ta 100 Miladiyya, kuma malaman lissafi na Larabci sun yi aiki da shi. Don haka 800001 mai giɓi ce, giɓi mai yawa ma.

Ki rage 1 kawai ki ga abin mamaki. 800,000 = 2⁸ × 5⁵. Fakto 9 × 6 = 54, jimlarsu ban da ita kanta 1,195,966, mai rara ke nan. Maƙwabta biyu, babu abin da suka haɗa. Girma ba shi ke kawo yawan fakto ba, tarin ƙananan firam ne ke kawowa: 720,720 ta fi su ƙanƙanta amma fakto 240 gare ta, kuma babu lamba ƙasa da miliyan ɗaya da ta fi haka. Kada kuma a ɗauka duk mara mai giɓi ce. Galibi haka ne, amma 945 mara ce mai rara, ita ce mafi ƙanƙanta a irinta.

Murabba'i ce, wato wata lamba sau kanta? Kamanninta na yaudara, domin murabba'i na iya ƙarewa da 01, kuma jimlar alƙalumansa na iya zama 9. Amma 894 × 894 = 799,236, 895 × 895 = 801,025, tamu tana tsakani. Ko ba a ninka ba, tunda 103 sau ɗaya ta fito magana ta ƙare, domin a murabba'i kowace firam adadi cika take fitowa. Ba za ta rubutu a matsayin jimlar murabba'i biyu ba ma, komai daɗewar nema: 103 saurar 3 take bari idan an raba ta da 4, kuma irin wannan firam idan ta fito adadi mara tana toshe hanyar. Da uku kuwa tana yiwuwa: 894² + 27² + 6² = 799,236 + 729 + 36.

Harshad, sunan da masanin nan na Indiya Kaprekar ya raɗa, na nufin jimlar alƙaluman lamba tana raba ta. 800001 ta cika wannan, tunda 9 ta shiga. A ganinmu wannan ado ne kawai, domin siffar rubutu ce ba ta lambar ba. A rubutun kwamfuta na 0 da 1, lambar nan ita ce 11000011010100000001. Jimlar alƙaluman ta koma 7, kuma 7 ba ta raba ta, saura 6 take bari. Fakto 12 ɗin nan kuwa suna nan ko da wane irin rubutu aka rubuta ta. Da wannan ma'aunin za ki tace jerin sunayen: wanda ya canza idan an canza rubutu, kada ki ɓata masa lokaci a shirin jarrabawa.

TAMBAYA: Na ji malamai masu rabon gado suna yawan ambaton 6 da 12 da 24, wani lokaci kuma 27. Me ya sa waɗannan, kuma yaya ake yi idan kuɗin ba su rabu daidai ba? Daga wani dattijo, Kawo.

AMSA: Allah ya ƙara girma, Baba. Hukuncin wa zai ci nawa na malamai ne da alƙalai, mu ɓangaren lissafi za mu taɓa. Kasonnin da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Ana neman lamba mafi ƙanƙanta da duk kasonnin da suka haɗu za su fita daga cikinta babu gutsure. Rabi da sulusi da sudusi suna fita daga 6. Idan rubu'i ya haɗu da sulusi ko sudusi sai 12. Idan sumuni ya haɗu da sudusi ko sulusi biyu sai 24, domin 8 na buƙatar 2 × 2 × 2, sauran na buƙatar 3.

27 kuwa daga auli take zuwa, wato inda jimlar kasonnin ta wuce lambar da aka raba dukiyar a kanta. Mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Daga 24, mata na da 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4. Jimla 27, ta wuce 24. Sai a raba dukiyar gida 27, kowa ya riƙe adadin kasonsa. Idan naira 5,400,000 ce, kaso ɗaya 200,000: mata 600,000, kowace 'ya 1,600,000, uba 800,000, uwa 800,000. Wanda ya manta ya raba da 24 zai samu 225,000 a kaso, ya yi alƙawarin 6,075,000, ya tarar da giɓin 675,000 a hannun wanda aka bari ƙarshe.

Don gane ko kuɗi za su rabu 27, kada a tara alƙaluma ɗaya-ɗaya. 1899 jimlarta 27 ce amma saurar 9 take bari. Uku-uku ake tarawa, saboda 999 = 27 × 37. A naira 800,001: 800 + 1 = 801, a raba da 27, saura 18. Ba ta rabu ba, kuma dama an san haka tunda 3 biyu ne kawai a cikinta, 27 na buƙatar uku. A irin wannan hali a fara ninkawa kafin a raba. Kason uba 800,001 × 4 ÷ 27, wato naira 118,518 da kwabo 67. Idan aka fara cike kaso ɗaya zuwa 29,630 sannan aka ninka, jimla za ta koma 800,010, an ƙirƙiri naira tara da babu su. A manyan kuɗi da magada masu yawa kuskuren yana girma. Kason matar shi kaɗai ke fita cif, 88,889, domin 3 cikin 27 ɗaya bisa tara ne.

TAMBAYA: Yaya ake karanta 800,001 da baki? Mun yi gardama a shago. Daga wani ɗan kasuwa, Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

AMSA: Alhaji, gardamar na da tushe. Idan ka ce dubu ɗari takwas da ɗaya, yawancin 'yan kasuwa 801,000 za su ji. Bambancin naira 999 ne. Ka ce dubu ɗari takwas da naira ɗaya, ko da guda ɗaya, ɗayar kuma ka ce dubu ɗari takwas da dubu ɗaya. A rasit da takardar yarjejeniya a rubuta da alƙaluma da kalmomi duka biyu.

TAMBAYA: Ina sayar da katin wuta, ina ajiye lambobin a Excel. Sai in ga lambar ta koma wani abu mai E+19, in na buɗe ta kuma ƙarshenta duk sifili. Lambobin waya su ma sifilin farko yana ɓacewa. Kwamfutar ce ta lalace? Daga wata mai shago, Barnawa.

AMSA: Hajiya, kwamfutarki lafiya lau. Excel alƙaluma 15 na farko kaɗai yake riƙewa a duk abin da ya ɗauka lamba ce, sauran ya mayar da su sifili. Lambar katin mita alƙaluma 20 ce, biyar ɗin ƙarshe ke nan sun tafi. Na katin banki mai 16, na ƙarshe ne ke tafiya. E+19 ɗin gajeren rubutu ne kawai, yana nufin a matsar da ɗigo gida 19, kuma Excel na fara nuna shi tun daga alƙaluma 12. Lambar waya 11 ce, ba ta kai iyakar ba, amma a lissafi sifilin gaba ba shi da daraja, shi ya sa ake jefar da shi.

Gyara shi ne ki zaɓi layin gaba ɗaya ki mayar da tsarinsa Text tun kafin ki rubuta komai, ko ki fara kowace lamba da alamar ' ɗin nan. Idan kin riga kin rubuta sannan kika canza tsari, abin da ya ɓace ba ya dawowa, sai kin koma kan rasit. Fayil ɗin CSV ma idan aka buɗe shi da dannawa biyu haka yake lalacewa, kuma da zarar an adana shi ke nan. A shigo da shi ta sashen Data a zaɓa wa layin Text. Ƙa'idar ita ce duk lambar da ba za a tara ko a ninka ba, kamar ta waya, ta asusu, NIN, BVN, har da 800001 a kan ambulan, suna ce, a ajiye ta a matsayin rubutu. Lambar katin bankin abokin ciniki kuwa, gara kada ki ajiye ta sam.

TAMBAYA: Wace ce firam mafi girma, kuma ta yaya aka gwada ta idan lamba mai alƙaluma shida ma tana cin wannan wahalar? Daga wani ɗalibi, Rigasa.

AMSA: Babu mafi girma, Yuklid ya tabbatar da haka fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ka ɗauki duk firam ɗin da kake da su ka ninka, ka ƙara 1. Babu ɗaya cikinsu da za ta raba sakamakon, kowacce saurar 1 za ta bari, don haka akwai wata firam da ba ta cikin jerinka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce sakamakon kansa firam ne. Ba dole ba: 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 = 30,031, wadda ita ce 59 × 509.

Akwai dai mafi girma da aka gano. A watan Oktoba na 2024, Luke Durant, cikin GIMPS, shirin sa-kai na neman manyan firam, ya gano cewa idan aka jera 2 har guda 136,279,841 aka ninka su, aka cire 1, sakamakon firam ne. Alƙalumanta 41,024,320. Ita ce ta 52 da aka sani a irin waɗannan lambobi, da ake kira firam ɗin Masen, da sunan Marin Mersenne na Faransa.

Ba da rabawa ake gwada su ba, wannan hanyar ba za ta ƙare ba har abada. Suna da gwaji nasu, na Lucas da Lehmer, kuma za ka iya yin sa da biro. Ɗauki 2⁷ − 1 = 127. Fara da 4. A kowane mataki ka ninka lambar da kanta, ka cire 2, ka raba da 127, ka riƙe saura. Matakan 7 − 2 ne, wato biyar. 4 × 4 − 2 = 14. 14 × 14 − 2 = 194, saura 67. 67 × 67 − 2 = 4,487, saura 42. 42 × 42 − 2 = 1,762, saura 111. 111 × 111 − 2 = 12,319, wadda ita ce 127 × 97, saura sifili. Sifili a matakin ƙarshe na nufin firam ce. Gwada 2¹¹ − 1 = 2047 da matakai tara, za ka samu 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Ba a ƙare da sifili ba, don haka ba firam ba ce, duk da cewa 11 firam ce. Lura cewa gwajin bai faɗa maka 2047 = 23 × 89 ba. Ya ce tana rabuwa, bai ce da me ba.

Wannan tazarar tsakanin sanin lamba tana rabuwa da gano abin da ke raba ta ita ce tushen tsarin RSA na 1977, wanda har yau ake amfani da shi wajen kulle saƙonni a intanet: ana ninka firam biyu manya, kowacce mai ɗaruruwan alƙaluma, a bayyana sakamakon, a ɓoye su biyun. Ga lambobin da ba na Masen ba, kada ka dogara da gwajin Fama mai sauƙi, wanda ke duba ko 2 guda n − 1 da aka ninka na barin saurar 1 idan an raba da n, wato lambar da ake gwadawa. 341 tana tsallake shi alhali 11 × 31 ce, 561 = 3 × 11 × 17 kuwa tana tsallakewa da kowace lamba da ba su haɗa fakto ba. Idan za ka rubuta manhaja, yi amfani da gwajin Miller da Rabin, ka maimaita shi da lambobin tushe daban-daban.